Yadda Ake Tsintar Tsofaffin Nikel a Naɗin Kwandalolin Bankin Amurka

A Amurka har gobe kwandala tana yawo a hannun jama'a, kuma cikin kwandalolin da ake ba da canji da su babu wadda tsofaffinta suka fi saura irin ta santi biyar, wadda suke kira nikel. Na santi goma da na santi 25 an daina yin su da azurfa bayan 1964, mutane kuwa suka tsince masu azurfar tun da jimawa. Ita nikel ba ta ja ido. Wadda aka buga a 1940 da wadda aka buga a 1990 hotonsu ɗaya, girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, don haka mai shago ba shi da dalilin ware ta. Wannan ne ya sa masu sha'awar tara kuɗin da suke zuwa banki su sayi naɗin nikel a kan ainihin kuɗinsa, su bincika, su cire abin da ya yi musu, su mayar da saura. Aikin a can Amurka ake yin sa, domin can ne banki zai ba ka kwalin kwandala a kan kanta.

Fara da lissafin. Naɗi ɗaya yana da nikel 40, wato dala 2, kuma takardar naɗin galibi mai ratsin shuɗi ce. Kwali ɗaya yana da naɗi 50, wato kwandala 2,000, dala 100. Kowace nikel giram 5 ce, saboda haka naɗi giram 200 ne, kwali kuwa kilo 10. Ka riƙe wannan giram 200 ɗin, zai yi maka amfani a gaba. Dala ɗarin da ka bayar ba kashe ta ka yi ba, juya ta kake yi: abin da ke fita daga jarin shi ne kawai kwandalolin da ka ajiye da kuɗin man mota. Amma kada ka ɗauke shi sana'a. Idan aka raba ribar kwali a kan sa'o'in da ya ci, ba ta kai ladan kowane irin aiki ba.

Banki biyu kake buƙata

Yawancin masu farawa ba a wajen gane kwandala suke faɗuwa ba, a kan kantar banki suke ɓata lamarinsu. Banki yana biyan kamfanonin jigilar kuɗi irin su Brinks da Loomis kafin a kawo masa kwandala, yana kuma biya kafin a kwashe wadda ta yi masa yawa. Kai da ka karɓi kwali ranar Litinin ka dawo da shi ranar Laraba, ka sa shi ya biya sau biyu a banza. Ba a daɗewa manaja zai ce a daina ba ka.

Don haka ka buɗe asusu a banki biyu daban. Ɗaya na ɗauka, ɗaya na juyewa, kuma kada ka taɓa haɗa su. Idan da hali, ka lura da motar kamfanin da ke kawo wa kowannensu kuɗi. In kamfani ɗaya ne, kwandalar da ka juye tana komawa rumbu ɗaya, a sake naɗe ta, ta dawo hannunka bayan 'yan makonni, ka zauna kana bincikar abin da ka riga ka tace. Wajen zaɓen bankin juyewa, nemi wanda ke da injin ƙirga kwandala kyauta ga masu asusu. Ƙananan bankunan unguwa da bankunan ƙungiyoyin adashin ma'aikata sun fi yawan irin wannan injin. Manyan bankuna da yawa sun cire nasu. Injinan Coinstar da ke manyan kantuna suna yankar sama da kashi 10 cikin ɗari idan tsabar kuɗi kake so, wato fiye da dala goma a kwali, abin da ya zarce duk ribar da za ka samu.

Ranar farko kada ka nemi kwali. Nemi naɗi goma, dala 20, ka faɗa wa mai kanta gaskiya cewa tara tsofaffin kwandaloli kake yi. Ka guji ranar Juma'a da yamma, da farkon wata, da lokacin da layi ya yi tsawo. Bayan an saba da fuskarka sai ka tambaya ko za a riƙa sa maka odar kwali ɗaya tare da odar reshen ta mako. Idan an sa, je ka ɗauka a ranar da aka ce. Kwalin da ya kwana biyu yana tare musu wuri a ma'aji shi ke sa a soke odar.

Naɗi iri biyu ne. Akwai na inji, mai matsattsen baki ko na leda, wanda kamfani ya naɗe daga kwandalar yanki baki ɗaya. Akwai na hannu, wanda abokan hulɗar banki suka naɗe a gida suka kawo, bakinsa a lanƙwashe da yatsa. Na hannun ya fi zama caca: ko dai wani mai sha'awa irinka ne ya juye nasa, babu komai ciki, ko kuwa iyali ne suka kwashe tulun da wani dattijo ya shekara hamsin yana jefa canji a ciki. Kullum ka tambaya ko akwai na hannu, ka karɓa in akwai. Kafin ka fita da kwali kuma, leƙa ta ramukan da ke jikinsa idan yana da su. In ka ga duk bakunan naɗin suna walƙiya iri ɗaya, sabon bugu ne na shekara ɗaya daga farko har ƙarshe, babu abin nema.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Fitilar tebur mai haske daga gefe ɗaya, domin hasken da ke zubowa daga sama yana shafe rubutu. Tawul ko ƙyalle mai duhu da za ka shimfiɗa, don kada kwandala ta gangara ko ta karce. Gilashin ƙara girma mai ninki 10. Wanda ya wuce haka yana sa mutum ganin kuskuren da babu shi. Sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Mayen ƙarfe. Ƙananan kofuna huɗu ko biyar. Bokiti mai ƙarfi na waɗanda za a mayar. Takardun naɗi, waɗanda bankuna da yawa ke bayarwa kyauta. Hannunka zai yi baƙi ƙirin bayan naɗi goma, saboda haka ko ka sa safar hannu ta roba ko ka ajiye abinci sai ka gama.

Tsarin dubawa

Buɗe naɗi ɗaya tak a lokaci guda. Idan za ka sake amfani da takardar, ɓare baki ɗaya ka turo kwandalolin da alƙalami. Masu neman azurfa a kwandalar santi goma sukan dubi gefe kawai su wuce, amma wannan dabara ba ta aiki sosai a nan, domin gefen nikel sumul yake kuma launin ta azurfa bai bambanta da na mai datti ba sai kaɗan. Dole ka baza su.

Baza duka arba'in ɗin, ka juya su baya ya kalli sama. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda sababbi ke tsallakewa saboda idonsu na kan shekara. A bayan nikel mai hoton Thomas Jefferson, tsohon shugaban Amurka, akwai hoton gidansa, Monticello, mai ƙubba a tsakiya. Abin da kake nema da kallo ɗaya shi ne babban harafi, P ko D ko S, a saman ƙubbar. Harafin alama ce ta garin da aka buga ta: Philadelphia, Denver ko San Francisco. Duk wadda ke da shi ta azurfa ce. A wannan kallon ne kuma za ka tsinci duk wadda bayanta ba gida ba ne: ɓauna, babban harafin V, ko dabbar ruwan nan ta kwandalar Kanada. Sannan ka duba gefen dama na gidan, kusa da baki; ƙaramin D ko S a wurin yana nufin an buga ta a 1964 ko kafin nan.

Sai ka juya fuska ka karanta shekara. Duk abin da ya kasa 1960 ya shiga kofi, a duba shi daga baya a natse. Haka 2009. Saura su tafi bokiti. Kada ka ɗauki gilashi a wannan zagayen, in ba haka ba kwali ɗaya zai cinye maka mako.

Za ka gaji da ganin 1964. A shekarar an buga nikel sama da biliyan 2.8 tsakanin Philadelphia da Denver, saboda ƙarancin kwandala da aka yi, har aka ci gaba da buga wannan shekarar a cikin 1965. Tana da kamar tsohuwa, amma ba ta da wata daraja. Jefa ta bokiti.

Nikel ɗin yaƙi

Nikel ta yau da kullum kashi 75 jan ƙarfe ce, kashi 25 ƙarfen nikel. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka buƙaci ƙarfen nikel don kayan yaƙi, sai daga ƙarshen 1942 zuwa 1945 aka canja haɗin: kashi 56 jan ƙarfe, kashi 35 azurfa, kashi 9 manganis. An ɗora babban harafin a saman ƙubba ne da gangan don a iya tsame su bayan yaƙi, kuma wannan ne karo na farko da Philadelphia ta sa harafin P a kuɗinta.

Shekarar 1942 ce ke rikita mutane, domin iri biyu aka buga. Wadda ba ta da harafi ko kaɗan, da wadda ke da ƙaramin D a gefen dama, duk na ƙarfen yau da kullum ne, babu azurfa. Mai babban P ko babban S a sama ita ce ta azurfa. Shekara ba ta isa hujja ba, sai harafi. Sikeli ma ba zai taimaka ba, tunda nauyin bai canja daga giram 5 ba. Launi yana ba da alama: manganis ɗin yakan sa su yi duhu, toka-toka mai ɗan kore, jikinsu kamar an shafa mai, kuma sau da yawa fatar ƙarfen kan ɓare saboda haɗin bai gauraya da kyau ba.

Azurfar da ke cikin kowace giram 1.75 ce, wato 0.056 na awon oza da ake sayar da azurfa da shi. Ka ninka wannan da farashin ranar. A misali, idan oza dala 30 ce, kwandalar ta kusa dala 1.70. Dillali zai ba ka ƙasa da haka, domin tace azurfa daga irin wannan haɗin yana da wahala, matatu ba sa ɗokinsa. Kwali yakan ba da ɗaya ko biyu, wani lokaci kuma ka juye kwali biyu ba ka ga ko ɗaya ba.

Shekaru da haruffan da ake nema

Koma kan kofin 'yan ƙasa da 1960. A nan sanin mazaunin harafi yake da amfani. Daga 1938 zuwa 1964 yana baya, dama da gidan, ban da na yaƙi. Rashin harafi yana nufin Philadelphia. Daga 1965 zuwa 1967 babu harafi a kan kowace nikel, don haka rashinsa a waɗannan shekaru ba kuskure ba ne. Daga 1968 ya koma fuska, kusa da shekara, P kuwa sai 1980 ta fara fitowa a can.

Biyar ne manya. 1950-D, wato ta 1950 mai harafin D, ita ce mafi ƙarancin bugu, 2,630,030. Sai 1939-D mai miliyan 3.5, 1938-S mai miliyan 4.1, 1938-D mai kusan miliyan 5.4, da 1939-S mai miliyan 6.6. Labarin 1950-D yana da ban sha'awa: tun a shekarar aka san kaɗan ce, 'yan kasuwa suka saye ta naɗi-naɗi suka ɓoye, har ya zama sabuwa fil ta fi wadda ta sha hannu sauƙin samu a wajen dillalai. Wannan ne ya sa tsintarta a kwali ke da wuya fiye da yadda adadin ya nuna. Bayan waɗannan akwai 1951-S da 1955 marar harafi, kowace ƙasa da miliyan 8, da 1949-S da 1950 marar harafi, kowace ƙasa da miliyan 10, sai 1942-D.

Ta 2009 ta shiga jerin ne saboda durƙushewar tattalin arziki ta sa an rage bugu: ƙasa da miliyan 40 a Philadelphia, ƙasa da miliyan 47 a Denver, alhali a shekarun da ke kusa da ita ɗaruruwan miliyoyi ake yi. Harafin S kuma ka lura da shi. San Francisco ta buga na yawo a 1968 da 1969 da 1970, waɗannan ba su da tsada. Amma daga 1971 duk mai S bugu ne na musamman mai fili kamar madubi, wanda aka sayar wa masu tarawa a cikin kwanso, wani ya fasa ya kashe. Ajiye ta.

Na 2004 da 2005 masu hotuna daban a baya, hannuwa biyu suna musabaha, jirgin ruwa, ɓauna, bakin teku, an buga su da yawan gaske don tunawa da tafiyar binciken yammacin Amurka da Lewis da Clark suka yi. Ɗaya kawai ke buƙatar gilashi: 2005-D mai ɓauna. Wasunsu suna da layi mai tudu da ya ratsa bayan dabbar ya fito ta cikinta kamar an soke ta da mashi, sakamakon karcewar tambarin bugu. Layin dole ya zama tudu. In rami ne, karce ne kawai da ta samu a aljihu.

Ɓauna da V

Nikel mai kan Ba'indiyen Amurka a fuska da ɓauna a baya, zanen James Earle Fraser, an buga ta daga 1913 zuwa 1938. Har yanzu tana fitowa jifa-jifa, amma galibi babu shekara. An ɗora shekarar a kan kafaɗa, wurin da ya fi tudu, sai hannu ya cinye ta. Harafinta yana baya, ƙarƙashin FIVE CENTS. Ko babu shekara, dubi ƙasan ƙafafun ɓaunar: idan tana tsaye kan tudu kuma rubutun yana jikin tudun, ta farkon 1913 ce, domin a shekarar kaɗai aka yi wannan fasali kafin a mayar da shi layi miƙaƙƙe.

Ana sayar da wani ruwan sinadari, Nic-A-Date, da ake ɗiga wa a mazaunin shekara ta sake bayyana. Yana aiki domin ƙarfen da ke ƙarƙashin lambobin ya bambanta da na kewaye a wajen matsewa lokacin bugu, sai ruwan ya ci su ba daidai ba. Amma yana barin tabo na dindindin, kuma duk dillali yana gane shi. Shawara ita ce a yi amfani da shi kawai a kan marar shekara mai D ko S, inda akwai yiwuwar shekara mai wuya irin 1926-S ta fito, wadda 970,000 kacal aka buga. Wadda ana iya karanta ko da lambobi biyu na ƙarshe, kada ruwan ya taɓa ta.

Shahararriyar cikinsu ita ce 1937-D mai ƙafa uku, wadda aka goge tambarinta fiye da kima har ƙafar gaba ta dama ta ɓace. A ta gaskiya kofaton yana nan a ƙasa, kuma ƙafar baya ta dama tana da kamar gara ta ci. Masu algus sukan goge ƙafar da zarto har da kofaton. Mai V a baya kuwa, 1883 zuwa 1912, fitowarta a kwali sai an dace. In ta fito, duba ko 1885 ce, ko 1886, ko 1912 mai ƙaramin S.

Kuskuren bugu da jabu

Yanzu ne lokacin gilashi. A 1939 marar harafi, duba MONTICELLO da FIVE CENTS ko rubutun ya ninku. A 1943-P, duba ko ƙugiyar lamba 2 tana leƙowa ƙarƙashin 3, ko idon Jefferson ya zama biyu. A 1949-D da 1955-D nemi burbushin S ƙarƙashin D, a 1954-S kuma akasin haka. Dalilin irin waɗannan shi ne a wancan zamani da hannu ake buga harafin a jikin tambari.

Abin da ke yaudarar kusan kowa shi ne ninkin da girgizar inji ke haifarwa. Ninki na gaskiya daga tambarin yake: layi biyun duka suna da tudu zagayayye, harafin ya ƙara kauri, kuma akwai tsaga a kusurwoyinsa. Na girgiza kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar 'yar dakali a gefen harafi, kuma yana rage kaurin harafin ne. Wannan ba shi da daraja, kuma shi ne mafi yawa.

Idan ka ga 1944 babu babban harafi a saman ƙubba, kada ka jefar. Jabu ce, amma jabun da ake saye. Wani Francis Henning ne ya buga su a jihar New Jersey, aka kama shi a 1955, kuma mantawa da harafin P ne ya tona masa asiri. Ya yi har da 1939 da 1946 da 1947 da 1953. Da yawansu suna da ɗan rami a ƙafar harafin R na kalmar PLURIBUS da ke bayan kwandalar, kuma sukan ɗara giram 5 a sikeli. Ita ma 1950-D ana yi mata algus, ko a manna D ko a gyara lambar ƙarshe ta 1959-D. Duba kewayen wurin ko akwai alamar goga. Mayen ƙarfe kuwa na 'yan Kanada ne: nikel ɗin Amurka ba ta kama shi, yawancin na Kanada na kafin 1982 suna kamawa.

Ajiya da mayarwa

Kada ka wanke komai. Man goge ƙarfe, toka, lemon tsami, buroshi, duk suna barin ƙananan karce da wani ƙyalli na ƙarya, kuma suna rage darajar kwandala nan take. In danƙo ko gam ne ya manne, jiƙa ta a tsantsar asiton, ka bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogawa ba. Riƙe ta ta gefe. Masu daraja su shiga ɗan kwalin nan mai tagar leda, inci biyu-biyu, ka rubuta shekara da harafi a jiki, ka danne ƙusoshin sitefila don kada su karci maƙwabciya. Guji leda mai laushi, tana fitar da wani koren maiƙo da ke cin ƙarfe. Sauran su shiga allon ajiya na kamfanin Whitman mai ramin kowace shekara. Cike shi daga kwali kaɗai shi ne burin da yawa daga masu wannan harka.

Wajen mayarwa, in bankin yana son a naɗe, cike kowane naɗi 40 cif. Ba sai ka ƙirga ba: ɗora su a sikeli, giram 200 ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan saboda sudewa, giɓin giram 5 yana nufin ɗaya ta ɓace. Ajiye 'yan nikel na cike gurbin waɗanda ka cire, kuma kada ka cusa ta Kanada a ciki, domin wasu bankunan suna sa a rubuta lambar asusu a jikin naɗi. Yi wa takardunka wata alama da alƙalami don ka gane su in sun dawo. In inji ne, zuba kaɗan-kaɗan, ka tsince duk wani tarkace tukuna. Buhun injin yakan cika a tsakiyar aiki, ma'aikaci ya bar kanta ya zo canjawa, saboda haka raba juyewar tsakanin rassa. Ka kuma riƙa rubuta reshen da kowane kwali ya fito da abin da ya bayar, domin da haka za ka gane inda wani ke juye nasa ka kauce.

Akwai doka guda da ta shafi mai shirin zuwa gida da abin da ya tara. Tun ƙarshen 2006 Amurka ta haramta narka nikel da kwandalar santi ɗaya, ta kuma taƙaita fita da su daga ƙasar, da hukuncin tarar da ta kai dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar. Matafiyi zai iya fita da na dala 5, ko na dala 25 idan a fili yake cewa na tarawa ne, wato nikel 500 ana lissafawa da kuɗin da ke rubuce a jikinsu. Na azurfar 1942 zuwa 1945 ba sa cikin haramcin.